Abin da Aka Samu a Ƙarƙashin Filon Zubaida

Ana idar da sallar La'asar aka fito da kayan gaisuwar Saminu aka jera su a bakin soro. Huhun goro ne da katan-katan na alawa da biskit, ko igiyar da aka ɗaure su da ita ba a kwance ba.

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san ma'anar kayan da suka shiga gida da guɗa, suka kuma fito shiru.

Zubaida tana tsaye a bayan labulen da ya raba soron da tsakar gida, tana leƙen kayan ta wata 'yar yagewa. Tun safe ko ruwa bai wuce maƙogwaronta ba. Tsoro take ji.

A kan darduma Bappa Abdulmuttalib yake zaune, yayan mahaifinta marigayi, wanda aurenta yake hannunsa. A gabansa akwai farantin silba, a kan farantin kuma wani ɗan baƙin abu ne da bai fi tafin hannu ba. Bappa ko kallonsa ba ya son yi. In idonsa ya faɗa kai sai ya ja carbi da sauri.

Kada wani ya ɗauka mugu ne. Duk unguwar Kabara an san shi da gaskiya, bai taɓa tilasta wa 'ya aure ba. Da ɗansa Abdulbaqi ya nemi Zubaida ta ce a yi haƙuri, shi da kansa ya ce a bar maganar. Abu ɗaya Bappa yake tsoro a duniya, shi ne asiri. Ƙanwarsa ta taɓa bin wani mutum zuwa kudu ba ta dawo ba, har gobe kuma ya yi imani kiranye aka yi mata.

Kuskurensa guda ne. Da aka zo binciken halin Saminu, duk mutanen gidan nan bai ga wanda zai tura ba sai Abdulbaqi.

Abdulbaqi kuwa ya je unguwar Sheshe, ya laɓe a tsallaken shagon Saminu, ya dawo da labari. Ya ce da idonsa ya ga Saminu ya ɗauko wani baƙin abu kamar babbar laya, leɓensa na motsi, ya kai shi bakinsa ya tofa a ciki, ya naɗe shi a farin ƙyalle, ya miƙa wa Zubaida. Ita kuma ta karɓa da hannu biyu ta rungume a ƙirji.

Bai ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya ba, abin da ya fi ɗaga wa Zubaida hankali ke nan.

Bappa ya sa a bincika ɗakinta. Inna Baraka, mahaifiyarta, ita ta ɗaga filo ta ga abin a naɗe. Dama ta daɗe tana ganin 'yarta da abin ji a kunne, ita kaɗai a ɗaki, hawaye na zuba, in an tambaye ta ta ce ba komai. Inna ta ɗauko ƙullin da gefen zaninta, ta kai wa Bappa.

Zubaida ta rantse kaset ɗin gem ne, na wasan yara a talabijin, hura shi kuma ake yi don ƙura ta fita. Bappa ya ce ai bai taɓa ganin wadda aka yi wa asiri ta amsa ba. Da Abdulbaqi ya kwance bayan kaset ɗin, sai ga wani koren allo da zane-zanen ruwan gwal da ƙananan baƙaƙen ɗakuna a jere. Bappa ya ce in wannan ba hatimi ba ne, to shi bai san hatimi ba.

Akwai abin da da ta faɗa, wataƙila da an saurare ta. Sai dai a gidan nan ba a ambaton Mikail a gaban Inna.

Mikail yayan Zubaida ne, ɗan farin Inna. Zazzaɓi ya ɗauke shi yana tsakiyar sakandare, lokacin Zubaida ba ta gama firamare ba. Inna Bafulatana ce ta gidi. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan". Ranar da aka fita da shi ma ba wanda ya ga hawayenta, ta zauna tana amsa gaisuwa da busasshen ido. Daga nan kowa ya koyi kewaye sunan, kamar yadda ake kewaye rijiyar tsakar gida.

Shi ne yake da gem a gidan. Yakan zaunar da Zubaida a bayansa ya ba ta ɗaya hannun gem ɗin, wanda ba a jona wayarsa ba, tana ta danne-danne tana murnar ita ke tafiyar da ɗan mutumin da ke cikin wasan. Bayan rasuwarsa aka fitar da kayan, ta manta sunan wasan, ta manta kamanninsa. Kiɗan ne kawai ya ƙi barin kanta.

Ta girma, ta zama malamar firamare a Dala. Wata rana ta shiga shagon Saminu neman gem ɗin da za a ba ɗalibin da ya zo na ɗaya. Nan ta tarar da shi, dogon saurayi mai gilashi, wanda ciniki bai dame shi ba kamar surutu.

Kowa in ya zo, na ƙwallo yake nema ko na dambe. Saminu sai ya jawo wani tsohon kwali daga ƙarƙashin teburi, cike da kaset-kaset ɗin da ba wanda ya san su, ya shiga tallata su kamar 'ya'yansa. Rubutun jikinsu ba mai iya karantawa, don haka shi ya raɗa musu suna. Akwai Mai Kwale-kwale, wanda kiɗansa ke sauyawa da zarar an fara ruwa a cikin wasan. Akwai Akuyar Hasumiya, wanda ya ce wasan kansa ba ya da daɗi ko kaɗan, amma mutum ya kunna shi ya bar shi a shafin farko ya je ya yi wanki, zai gode masa. Ya ce mutanen da suka yi waɗannan kaɗe-kaɗen murya uku ko huɗu kawai injin ya ba su, da su suka yi abin da yake sa ƙato ya yi tagumi.

Sannan ya ce bari ta ji wanda ya fi so, shi ba na sayarwa ba ne. Ya yi bisimilla, ya hura kaset ɗin, ya zura.

Wata siririyar murya ta taso kamar sarewar makiyayi daga nesa. Wani ɗan mutum ya bayyana riƙe da fitila a bakin rijiya.

Zubaida ba ta san lokacin da ta zauna a kan benci ba. Ta yi kuka a shagon baƙo, a gaban mutumin da ko sunansa ba ta sani ba. Shi kuma ya rasa abin yi, sai ya rage ƙarar fankar don ta ji da kyau.

Daga wannan wasan, wanda ya raɗa wa suna Mai Fitila, soyayyarsu ta fara. Ya naɗar mata kiɗan a waya, shi take ji a ɗaki tana hawaye. Ranar da ya koya mata wasan, allon ya nemi a ba ɗan mutumin suna, ta karɓi hannun gem ɗin ta jera haruffa shida. Da aka tsayar da maganar aurensu ya ba ta kaset ɗin kyauta, don sunan a cikinsa yake zaune.

Wannan sunan take tunawa yanzu a bayan labule.

Sallamar Saminu ta katse mata tunani. Ya sauko daga adaidaita da ƙaramar talabijin a kafaɗa, da batir, da injin gem a cikin leda. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaishe da Bappa. Idonsa ya kai kan huhun goron, ya ɗauke kai da sauri. Abdulbaqi yana jingine da bango ya harɗe hannu a ƙirji, ya sha shadda har da turare, sai ka ce shi aka zo gani.

Bappa bai ja zance ba.

"Ka ce kayan wasa ne. To, ya yi wasan a gabana. In ya yi, ni Abdulmuttalib zan ba ka haƙuri. In bai yi ba, ga kayanka nan, ka ɗauka mu rabu lafiya. Sharaɗi ɗaya ne, bakinka kada ya kusanci abin nan."

Saminu ya ce ya ji, ya amince.

Zubaida ta dafe bango. In kaset ɗin ya ƙi tashi, ta rasa Saminu. In kuma ya tashi, sunan mamaci zai fito ɓaro-ɓaro a gaban mutumin da ya fi kowa tsoron asiri. Ta ɗaga hannu za ta yi addu'a, ta rasa wanne za ta roƙa.

A bayanta Inna tana zaune a kan 'yar kujera tana tsintar shinkafa, kanta a sunkuye. Tun shekaranjiya ba ta haɗa ido da 'yarta ba.

Saminu ya jona wayoyi, ya miƙa hannu ya ɗauki kaset ɗin. Yana ɗagawa toka ta zubo daga cikinsa. Ya dubi Bappa, Bappa ya gaya masa ba tare da jin nauyi ba cewa an turara abin da habbatus-sauda, an kuma binne shi a toka ya kwana, don a karya abin da ke ciki. Fuskar Saminu ta sauya. Ya buga kaset ɗin a tafin hannunsa a hankali, ya goge bakinsa da gefen riga, ya zura.

Allon ya yi fari, ya yi toka-toka, ya shiga ƙiftawa.

Ya zare, ya sake zurawa. Wasu karkatattun layuka suka cika allon, talabijin ta saki wata doguwar ƙara mai shiga haƙori. Bappa ya ja da baya yana ta'awwizi. Saminu ya sake zare kaset ɗin zai gwada. Hannunsa ya ɗaga shi zuwa bakinsa don sabo, sai da Abdulbaqi ya yi gyaran murya sannan ya farga ya sauke.

Abdulbaqi ya ce ai dama ya faɗa, abin ba ya aiki sai da tofin mai shi.

"Baba, ka yi mini rai," in ji Saminu. "Wallahi toka ce ta toshe shi. Ba sai ni ba, kowa ma ya hura, iska kawai yake so."

Bappa ya dubi ɗansa. Abdulbaqi ya ce shi kam yana da iyali a gaba, ba zai sa bakinsa a abin da bai sani ba. Zubaida ta motsa labule, Bappa ya ce ko da wasa kada ta fito, ai ita ce marar lafiyar.

Zubaida ta saki labulen.

Bappa ya daɗe yana kallon saurayin da ke durƙushe yana zufa. Tsoro yana cin sa, amma gaskiyarsa ba ta bar shi ya kori mutum a kan gwajin da bai kammala ba. Ya ce a miƙo masa. Ya karɓa da 'yan yatsu biyu, ya karanta Falaƙi da Nasi a bayyane, ya rufe ido, ya tofa da iyakar ƙarfinsa. Toka ta yi sama ta sauka a gemunsa.

"In da sharri a ciki, ya ƙone. Zura."

Saminu ya zura. Allon ya yi baƙi ƙirin, Zubaida ta rufe bakinta da mayafi.

Sai sarewar ta taso.

A hankali ta fara, siririya, tana hawa tana sauka, wata murya mai kauri tana bin ta a ƙasa kamar takun mutum. Ɗan mutumin ya bayyana da fitilarsa a bakin rijiya. Saminu ya sauke ajiyar zuciya. Kafaɗun Bappa ma sun fara saukowa, har ya buɗe baki zai yi magana.

Sai fararen haruffa suka fito a saman kan ɗan mutumin, ɗaya bayan ɗaya.

Abdulbaqi ya matso yana karantawa, ya fara furtawa, ya haɗiye sauran. Bappa ya sa tabarau ya duba. Carbin ya faɗi daga hannunsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ka san shi? Yaron da ya rasu tun ba ka san hanyar gidan nan ba, me ya kai shi cikin akwatinka?"

Ya miƙe tsaye ya rarumo sandarsa. Zubaida ba ta ƙara tunanin komai ba. Ta bankaɗe labule ta zube a gabansa, tsakanin sandar da talabijin.

"Ni na rubuta, Bappa. Wallahi ni ce, da hannuna. Shi bai ma san sunan waye ba sai daga baya."

"Masu asirin ne suka sa ki."

"Ba wanda ya sa ni. Irin wasan da Yaya yake yi ne, ina zaune a bayansa. Na girma ina neman kiɗan nan, ban san wa zan tambaya ba. Kowa ya yi shiru da maganarsa kamar ba a taɓa yin sa ba. Ni kuma ina tsoron in wayi gari na manta shi gaba ɗaya." Kuka ya ci ƙarfinta, da ƙyar ta ƙarasa. "In laifi ne ni na yi. Ka dake ni, amma kada ka mayar masa da kayansa."

Idon Bappa ya kawo ruwa, amma tausayin nata ƙara masa tsoro ya yi. A ganinsa ga aikin asirin nan a fili, yarinya mai kunya tana kuka a kan namiji a gaban iyaye. Ya juya ya ce wa Abdulbaqi ya tsinke wayar, ya fitar da kayan waje.

Abdulbaqi ya sunkuya da saurinsa.

"Kada a kashe."

Daga bayan labule maganar ta fito, ba da ƙarfi ba. Inna Baraka ta shigo da ƙwaryar shinkafa a hannunta, ta manta ba ta ajiye ba. Tunda aka kawo ta gidan nan tana amarya ba ta taɓa tsayawa a soro maza na zaune ba, balle a gaban mai neman 'yarta. Saminu ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

Ba ta kalli kowa ba, talabijin take kallo.

"Yanzu zai hau sama," in ji ta. "Sannan ya tsaya, kamar mai jan numfashi, sai ya dawo farko."

Sarewar ta hau sama. Ta tsaya. Ta dawo farko.

Bappa ya sauke sandar ba tare da ya sani ba.

Inna ta ce tana tuƙa tuwo take jin sa ta taga kullum da yamma, har takan aika a ce wa yaron nan ya rage ƙara. Ba ta taɓa gaya masa tana son kiɗan ba. Ta tuna wa Bappa cewa shi da kansa ya sa aka fitar da akwatin wasan bayan sadakar bakwai, don kada ta riƙa gani tana tunawa.

"Na gode maka, Yaya, alheri ka nufa. Akwatin ya fita, kiɗan bai fita ba."

Bappa ya koma ya zauna a kan dardumarsa a hankali. Ya tuna akwatin, ya tuna har almakashin da ya sa ya yanke wayarsa. Ya sa hannu ya shafa gemunsa, ya ga toka a tafinsa, ya daɗe yana kallon ta.

Inna ta nuna allon da haɓa, ta tambayi abin da aka rubuta a saman kan mai fitilar, don ita ba ta yi boko ba. Zubaida ta ce sunan Yaya ne.

Inna ta gyaɗa kai.

"Ni na ɗauko abin nan daga ƙarƙashin filonta na kawo maka, Yaya. Ni kuma nake roƙon ka. Ban taɓa roƙon ka komai ba."

Bappa ya saurari kiɗan har ya sake zagayowa. Sannan ya dubi Saminu ya ce ya yi alkawari, ga shi yana cikawa, ya yi haƙuri ya yafe masa zato. Saminu ya girgiza kai yana share gilashinsa. Bappa ya juya wajen ɗansa, wanda har yanzu hannunsa ke kusa da wayar.

"Kai ka fito da kayan nan, kai za ka mayar da su ciki. Gobe a raba goron."

Abdulbaqi ya ɗauki huhun goron a kan shaddarsa, ya wuce ta gefen Zubaida bai dube ta ba.

Inna ta ajiye ƙwaryar, ta zauna a gefen tabarma. Ɗan mutumin yana nan tsaye a bakin rijiya, fitilarsa na kaɗawa. Ta tambayi 'yarta me yake jira, Zubaida ta ce jira yake a tafiyar da shi. Saminu, kansa a ƙasa, ya turo hannun gem ɗin a kan tabarma har ya taɓa gefen zanin Inna.

Zubaida ta duba wayar ta tabbatar a jone take. Ta kama babban yatsan mahaifiyarta, mai kaushin aiki, ta ɗora shi a kan madannin.

Ɗan mutumin ya taka, ya sake takawa, ya fara sauka cikin rijiyar da fitilarsa. Inna ta sunkuyo gaba, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

"Yi a hankali, Mikail," in ji ta.